Uwa Ma Tushe Ce

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, maƙwabciyata ce ta shigo mini da kuka. 'Yarta tana aure a Maraɗi, wai an ce mata jikokinta ba su da rabo a Nijeriya, tunda ubansu baƙo ne. Na ce, "Haba Yaya, share hawayenki, zauna ki ji tarihi."

Ranar 1 ga Oktoba 1960 da Turawan Ingila suka miƙa mulki, sai da aka tantance wane ne ɗan ƙasa. Tsarin mulkin ya ce wanda aka haifa a nan kafin ranar ɗan ƙasa ne, muddin a nan aka haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa. Amma yaron da aka haifa a waje, sai in ubansa ɗan ƙasa ne. Uwa kuwa, duk wahalar wata tara, ba a lissafa ta ba. Tsarin mulkin 1979 ne ya gyara, ya ce uwa ko uba, kowanne ya isa. Na 1999 ma a kan haka ya tsaya.

Kada ku ɗauka wasa ne. A 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta tsallakar da shi Chadi, wai can ne asalin mahaifinsa. Da aka je kotu a Maiduguri, aka tabbatar mahaifiyarsa 'yar Borno ce, aka ce ɗan Nijeriya ne. Kun ga ranar uwa ke nan.

Sai dai da sauran rina a kaba. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yarmu kuwa ba a buɗe masa wannan ƙofa ba, sai ya shekara 15 a ƙasar kafin ya nema.

Don haka na ce wa Yaya jikokinta namu ne. Ku kuma, don Allah ku yanki takardar haihuwar 'ya'yanku, ku adana taku a ƙasan akwati kamar gwal. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.