Umar Mukhtar da Mamayar Italiya a Libiya

A watan Oktoba na 1911 Italiya ta ƙwace Tarabulus daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, amma cikin ƙasar ya gagare ta. A tsaunukan Jabal Akhdar da ke gabas, Umar Mukhtar, malamin Alƙur'ani ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ya jagoranci yaƙin sari-ka-noƙe.

Da Janar Graziani ya kasa cin mayaƙan, sai ya koma kan talakawan da ke ciyar da su. Ya tsare su a sansanoni, inda dubbai suka mutu, ya kuma toshe iyakar Masar da waya mai ƙaya. An kama Mukhtar, aka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931. Sai a 2008 Italiya ta amince ta biya Libiya diyyar dala biliyan 5.