Akinwale Wey: Hafsan da Ya Ja Ragamar Sojin Ruwan Nijeriya a Yaƙin Basasa

An haifi Joseph Edet Akinwale Wey a Kalaba a shekarar 1918. Ya fara aiki a Sashen Sufurin Ruwa na gwamnatin mulkin mallaka a fannin injiniya, daga baya ya koma rundunar sojin ruwa. A 1964 aka naɗa shi shugaban rundunar, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan muƙami.

Bayan juyin mulkin Yulin 1966, ragamar ƙasa ta koma hannun Yakubu Gowon, wanda Wey ya girme shi a shekaru da muƙami. Duk da haka ya amince ya yi aiki a ƙarƙashinsa, yana kuma cikin hafsoshin da suka halarci taron sulhu na Aburi a Gana a Janairun 1967.

Da Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, aikin datse gaɓar teku ya rataya a wuyan rundunar Wey, wadda jiragenta ba su taka kara sun karya ba. Babban jirginta shi ne NNS Nigeria, ƙarƙashin Nelson Soroh. A ƙarshen Yulin 1967 jiragen suka sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny, tashar lodin ɗanyen mai, a watan Oktoba kuma suka sauke su a Kalaba, mahaifar Wey. Faɗuwar Fatakwal a Mayun 1968 ta yanke Biyafara daga teku, har ta koma dogaro da filin jirgin sama na Uli.

Wannan ƙawanya ta toshe wa Biyafara hanyar sayar da mai da shigo da makamai ta ruwa, ta kuma tsananta yunwar da ta hallaka ɗimbin fararen hula, musamman yara, abin da masana tarihi ke muhawara a kansa har yau.

Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. A 1973 Wey ya zama Babban Hafsan Hedikwatar Ƙoli, wato na biyu a gwamnati. Ya bar aiki bayan juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Murtala Muhammad, ya rasu a Disamban 1991.