9mm, .45 da .22: Abin da lambobin harsasan ƙananan bindigogi ke nufi

Sau da yawa idan 'yan sanda suka baje kolin makaman da suka ƙwato, akan ji an ambaci harsasai masu lamba 9mm ko .38. Waɗannan lambobi ma'auni ne na faɗin harsashi, wanda dole ya dace da faɗin bututun bindigar da za ta harba shi. Ƙasashen Turai suna aunawa da milimita, Amurka kuwa da inci. Harsashi mai lamba .45 faɗinsa ya kai kusan milimita 11.4, shi kuma .22 bai wuce milimita 5.7 ba.

Faɗi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Tsawon kwanso, da yawan albarushin da ke cikinsa, da nauyin dalmar, su ne suke yanke hukunci a kan gudun harsashi da irin shurin da bindiga za ta yi wa hannun mai harbi.

Na jami'an tsaro da kare kai

Harsashin 9mm shi ne ya fi yaɗuwa a duniya. Georg Luger ne ya ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, rundunar sojin Jamus ta karɓe shi a 1908, daga bisani ya zama ma'aunin ƙananan bindigogin ƙungiyar NATO. Shurinsa matsakaici ne, kuma rashin kaurinsa ya sa bindiga irin Glock 17 take ɗaukar guda 17 a lokaci ɗaya.

Babban abokin gogayyarsa shi ne .45 ACP na John Browning, wanda sojin Amurka suka riƙa amfani da shi tun daga 1911 har zuwa 1985, lokacin da suka koma ga Beretta mai cin 9mm. Dalmarsa takan kai gram 15, kusan ninki biyu na ta 9mm, sai dai ba ta kai ta gudu ba, kuma bindigar sojin ta asali guda bakwai kacal take ɗauka.

Muhawara a kan wanne ya fi ta yi zafi bayan musayar wutar da aka yi a birnin Miami a 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, aka jikkata biyar. Hukumar ta nemi harsashi mai ƙarfi, abin da ya kai ga fitowar .40 S&W a 1990. Amma bayan shekara fiye da 20 sai ta sake komawa ga 9mm, domin an inganta ƙirar dalmarsa, kuma jami'anta sun fi samun saiti da shi. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, iya saiti ya fi girman harsashi muhimmanci.

Ga masu libarba kuwa akwai .38 Special na kamfanin Smith & Wesson, wanda ya fito a 1898, da ƙanensa .357 Magnum na 1935. Faɗinsu ɗaya ne duk da bambancin suna, sai dai kwanson .357 ya fi tsawo. Shi ya sa libarbar .357 take iya harba .38, amma ta .38 ba ta karɓar .357.

Na farauta

A ƙasashen da aka yarda a yi farauta da ƙaramar bindiga, musamman Amurka, ana neman harsashin da zai kayar da dabba nan take, kada ta gudu da rauni ta mutu a wahalce. A nan ne .44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, ya yi suna wajen farautar barewa da aladen daji. Shurinsa mai tsanani ne, ƙararsa kuma tana iya lahanta kunne, don haka ba na ɗan koyo ba ne.

Na gasar harbi

Harsashin .22 LR, wanda aka fara yi a 1887, shi ne na masu koyo da 'yan gasa, saboda arha da ƙarancin shuri. Da shi ake fafatawa a harbin mita 25 na gasar Olamfik, yayin da a na mita 10 ake amfani da bindigar iska mai ƙwayar dalma ta milimita 4.5. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi kisa ba, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna rukunin farko na haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisinsu. Rukuni na biyu, irin bindigogin farauta masu baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku kuwa su ne harba-ruga da makamantanta, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha yake kula da su.

Saboda haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya sayi fistol a ɓoye da sunan kare kai ya jefa kansa cikin laifin da hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Riƙe harsashi ba tare da lasisi ba ma laifi ne mai zaman kansa, ko da babu bindiga a tare da shi.