Sake haɗawa da rumbun bayanai

Sake haɗawa da rumbun bayanai shi ne maido da sadarwa tsakanin manhajar rubuta umarni da sabar bayan ta yanke. Katsewar intanet ko sake kunna sabar kan jawo haka. A saitinsa na asali, MySQL yana rufe haɗin da ya yi awa 8 babu umarni.

A MySQL ana rubuta connect ko \r, a psql na PostgreSQL kuwa \c.

Sabon haɗi ba ya gadon tsohon: sauye-sauyen da ke jiran COMMIT sukan rushe, teburan wucin gadi su ɓace. Shi ya sa ake duba bayanan kafin maimaita umarnin ƙarshe, gudun shigar da abu sau biyu.