Agwagwar da ta riga Hollywood magana

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne The Jazz Singer na 1927 shi ne fim na farko da aka ji murya a cikinsa. Ba haka ba ne. Shekaru kafin nan, 'yan barkwancin dandamali na Amurka, masu wasan da ake kira vaudeville, sun riga sun tsaya gaban kyamara suna zuba zance ana ɗauka.

Ranar 15 ga Afrilu 1923, a gidan kallo na Rivoli da ke New York, Lee de Forest ya nuna gajerun finafinai masu sauti da tsarinsa na Phonofilm. Da 'yan wasa irin su Eddie Cantor da Weber da Fields ya riƙa gwada na'urar, domin su wasansu a haddace yake, minti kaɗan sun gama, ba a bukatar labari ko gyaran wuri.

To amma fasahar ta wa ce? De Forest ya ce tasa. Theodore Case, wani mai bincike a garin Auburn, shi ya ƙera ƙwan fitilar da ke rubuta sauti a jikin fim, da na'urar da ke karanta shi, kuma da kayansa Phonofilm ya yi aiki sosai. Sai ga shi ana talla ba a ambatonsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni dai ina bayan Case. Da ya janye kayansa a 1925 ya koma wajen mai kamfanin fim William Fox, sabon tsarinsu na Movietone ya fito ya karɓu, Phonofilm kuwa ya durƙushe.

Cikin gwaje-gwajen Case akwai wanda ba na gajiya da shi. Wani ɗan wasa, Gus Visser, yana tsaye rungume da agwagwa yana waƙa. Duk inda ya iso wata gaɓa sai ya matse ta, ta yi kuka daidai kan kari.  Wannan ɗan fim na wajen 1925 yana cikin rajistar finafinan da Amurka ta keɓe don adanawa tun 2002.

Daga 1926 kamfanin Warner ya shigo da Vitaphone, inda sautin ke kan faifai daban mai faɗin inci 16. Suka ɗauki ɗaruruwan 'yan wasa, har da Burns da Allen a Lambchops na 1929. Wasan da mutum zai yi shekaru yana yawo da shi gari-gari sai ƙasa duka ta gan shi lokaci guda, kasuwar dandamali ta mutu. A 1932 gidan Palace, matattarar manyan 'yan vaudeville, ya koma nuna fim.

Faifai da yawa sun ɓace sun bar hoto bebe, sai daga 1991 masu kishi na Vitaphone Project suka fara farautarsu a hannun masu tara tsofaffin kaya. Shi kuwa de Forest ya samu lambar Oscar ta girmamawa daga baya. Case ya rasu a 1944 bai samu ba, kuma ya fi cancanta.