Labarin Dorugu, Baran Barth daga Damagaram

Labarin Dorugu tarihin rayuwar wani yaro ne Bahaushe wanda bauta ta raba shi da gida, ya yi barance a hannun Turawa, kuma ya ba da labarinsa da bakinsa cikin Hausa. An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Yana ɗan yaro mayaƙa suka kama shi, aka kai shi Zinder, daga nan aka sayar da shi har ya kai Kukawa ta Borno. Bajamushe Adolf Overweg ne ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a tafiye-tafiyensa, ya ɗauke shi aiki tare da Abbega, wani yaro Bamargi.

Dorugu ya bi Barth ta Zinder da Katsina da Sakkwato zuwa Tumbuktu a 1853, sannan suka komo Kukawa, daga nan suka ƙetare Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus, suka isa London a 1855. A Ingila ne malamin mishan James Frederick Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da yake faɗa. Hausar labarin ta baka ce, jimlolinta gajeru, babu ado. Ƙarfinsa yana cikin idon bara, wanda ke tsaye a gefe yana lura: ƙishirwar hamada, wahalar raƙuma, tufafin matan Ingila, da yadda Turawa ke zama a tebur su ci abinci bi da bi, da cokali da wuƙa.

An buga labarin cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa a 1885. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassararsa ta Ingilishi. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya rasu a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar wani Bature da ake kira Ɗan Hausa, a unguwar Nasarawa ta Kano.

Adabin duniya ya sha ɗaukar rayuwar baƙaƙen masu aikin gida, daga Une vie de boy na Ferdinand Oyono a 1956 zuwa The Help na Kathryn Stockett a 2009, wanda ya shafi 'yan aikatau a Misisipi zamanin wariyar launin fata. Waɗannan ƙagaggun labarai ne, marubuta suka ari bakin bara. Dorugu shi ne baran da kansa, kodayake alƙalamin yana hannun Bature, kuma maganarsa na cikin tsofaffin zube na Hausar boko da suka kai ga ɗab'i.