Karkarar Kano da Iyakokinta

Duk wanda ya fita birnin Kano ta arewa, ya bi ta Bacirawa a ƙasar Ungogo, ya nufi Dawakin Tofa ko Minjibir, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida. Wannan ita ce karkara, watau ƙasar da a ke nomawa kowace shekara ba a barinta saura. Ita ce cibiyar noman ƙasar Kano. Bature matafiyi Barth, wanda ya zo a 1851, ya yaba albarkarta ƙwarai.

To, ina iyakarta? Ba ta da turaku, ba kuwa sarkin da ya shata ta. Wani malamin labarin ƙasa, Mortimore, ya ɗauki ƙidayar 1962, ya ja layi ya kewaye wuraren da mutane suka kai 350 a kowane murabba'in mil. Cikin layin nan aka sami gundumomi irin su Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu. Amma manomi ba ya bukatar taswira. Inda ya fara ganin saura da ƙirare a bakin hanya, ya san ya fita karkara.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa mai sauƙin huɗa, ba tsauni sai irin su Dala da Goron Dutse. Ruwa kan sauka daga watan Mayu zuwa Satumba, kudu ta fi arewa samu. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kudu da birni, su zama kogin Haɗeja, Jakara kuwa ta bi arewa maso gabas.

Abin mamaki shi ne, kudancin ƙasar, wajen Tudun Wada da dajin Falgore, ya fi ruwa, amma ya fi ƙarancin mutane. Dalilinsa na cikin tarihi. A ƙarni na 19 Ningawa sun yi ta kai hari ta wannan fuska suna kama mutane. A arewa kuma Ɗan Tunku ya yi wa Sarki Ibrahim Dabo tawaye, har aka yanke masa ƙasar Kazaure, daga baya mayaƙan Damagaram suka iso Gezawa a zamanin Sarki Alu. Saboda haka talaka ya gwammace ƙaramar gona kusa da ganuwa da babbar gona a bakin daji. A ganina tsoro ne ya fara shata iyakar karkara, kafin ruwa ko ƙasa.

Ƙasar da ba ta hutawa kuwa sai da taki. Da rani jakuna kan shiga birni da itacen girki, su komo da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi. Don haka gwargwadon tafiyar jaki ta yini guda, zuwa da komowa, gwargwadon inda takin birni ke kaiwa. Manomi bai yarda ya sare gawo ba, domin yakan kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba. Haka ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace da mai ita. Tsakanin gonaki a kan dasa gamba ko aguwa, a bar burtali don shanu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, En'e ta sa malaman taki suna auna gonakin nan da ƙafa don yanka haraji. Wannan takin na sawu ne, ba na jaki ba, manoma kuwa ba su ƙaunace shi kamar wancan ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami kasuwa har aka tara dalarta, sai farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya ta. A 1991 aka cire Jihar Jigawa daga ta Kano, gabashin ƙasar ya koma can.

Yanzu kuwa iyakar da ke motsi ita ce ta ciki. Gado yana raba gona tsakanin 'ya'ya har ta kasa ci da gida, mai kuɗi ya zo daga birni ya saya, ya yanka ta filoti. Bacirawa, wadda a da ƙauye ce a tsakiyar gonaki, yau ta haɗe da birni, ta zama unguwa, mazaunanta da yawa kuwa a kasuwa su ke awon gero.